Wanda Maciji Ya Sara, In Ya Ga Igiya Sai Ya Gudu

Babu Bahaushen da zai nemi a warware masa wannan karin magana, balle mutumin Taraba, wanda in bai taɓa ɗauko ɗan'uwansa daga gona jini na tsattsafowa daga dasashinsa saboda saran kububuwa ba, to ya ga wanda aka ɗauko. Wasu kan ce igiya, wasu kan ce baƙin tsumma, manufa dai ɗaya ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda na ji an yi aiki da ita kwanan baya a wani gida a Sabon Garin Jalingo, inda aka mai da ita gori, alhali kuwa magabatan da suka ƙaga ta, a iyakar fahimtata, uzuri suka nufa da ita.

Matar gidan malamar makarantar firamare ce, ta ba arba'in baya, uwar 'ya'ya biyar. Shekarun baya ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, kuma bayan an ɓata watanni wajen masu maganin gida, waɗanda suka ce daji ne, daji kuwa ba ya son allura, sai aka kai ta asibiti, aka yanki tsoka aka auna, aka tabbatar sankara ce. Aka cire nonon, aka shiga yi mata ƙarin ruwan kemo duk bayan mako uku, har sumar kanta ta zube, faratanta suka yi baƙi, sannan aka tura ta Abuja domin gashi da na'ura, ta yi makonni tana kwana a tsakar ɗakin wani ɗan'uwan mijinta. Allah cikin ikonSa ta tashi. Suma ta tsiro, ta koma aji, aka yi saukar Alƙur'ani aka raba waina, kowa ya ce alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Ranar wani suna, mata da 'yan'uwa na kusa suna zaune a tsakar gida, sai ta ambata cewa bayanta ya kwana biyu yana ciwo, tana so ta je ta ga likita tun ranar da aka ba ta ba ta zo ba. Ƙanin mijinta, wanda al'ada ta ba shi lasisin wasa da ita, ya tafa hannu ya ce, "Haba matar Yaya! Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Ciwon baya wa ba ya yi? Ke dai kin saba da ƙamshin asibiti ne. Ina tawakkalin?" Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta ja mayafinta ta gyara shi ta gefen hagu, ba ta sake ta da maganar ba.

Abin da masu dariyar ba su gani ba, wanda ya zo mini ta bakin iyalina da yake ƙawarta ce, ya fi ƙarfin wasa. Tun da baiwar Allah nan ta gama magani ba ta shan zoɓo, domin ɗaya daga cikin magungunan da aka riƙa ɗura mata ja ne wur, launin zoɓo sak, kuma da zarar ta ga an ɗago gorarsa a wurin biki sai zuciyarta ta tashi, yawu ya cika mata baki, kamar tana kan gadon nan da allura a bayan hannu. Ba ta shiga wanka ta fito sai ta bi tabon aikin da yatsa, ta lalubi hammata, ta lalubi wuya, ta koma kan ɗaya nonon, wani lokaci ta sa zane ta fito sannan ta sake komawa domin ba ta gamsu ba. Katin asibiti da takardun gwaji suna cikin leda a ƙarƙashin katifa, a jere bisa kwanan wata. In ranar komawa wurin likita ta rage mako guda, barci ya ƙaurace mata ke nan. In aka yi sanarwar rasuwar mace, bayan ta yi salati tambayarta ta farko ita ce, "Me ya same ta?" A wayarta akwai lambobin matan da suka zauna benci ɗaya suna jiran kemo, waɗansu ta daina kira domin tana tsoron wanda zai ɗauka, kuma ta kasa goge su. Babbar 'yarta da aka sa wa rana, tun da sauran shekara ta gama haɗa mata kayan ɗaki, ta kira ƙanwarta ta nuna mata inda komai yake, ta ce, "Ki riƙe, ban san ko da ni za a yi ba."

To, a nan ne ƙiyasin ƙanin mijin ya karye. Wanda kububuwa ta sara a Karim Lamido ko Lau, in Allah ya sa an kai shi inda akwai magani, kamar asibitin saran maciji na Kaltungo da ke Jihar Gombe, za a ɗura masa makarin dafi, a ɗebi jininsa a zuba a kwalba a ajiye minti 20, in jinin ya daskare, aka maimaita aka ga ya ci gaba da daskarewa, an san dafi ya karye, sai a sallame shi. Tsakaninsa da wancan maciji magana ta ƙare. Mai sankara kuwa ba a ba shi irin wannan shaida. Likita mai amana ba ya cewa ciwo ya tafi har abada, iyakarsa ya ce, "Ba mu ga komai ba, ki dawo bayan wata shida," domin ya san ƙwayoyin cutar kan ɓalle tun kafin a yi aiki, su sauka a ƙashi ko huhu ko hanta, su kwanta shiru shekara da shekaru, ƙanƙantarsu ta hana kowace na'ura ganinsu. A shekarar 2017 mujallar likitoci ta New England ta buga nazarin da aka yi a kan mata fiye da 60,000 masu irin sankarar mama da ke ci da sinadarin jikin mace, waɗanda suka sha ƙwayar hana dawowarta, irin su tamoksifen, shekara biyar cur, aka ga cutar tana ci gaba da ɓullo wa waɗansunsu a wani sashen jiki har zuwa shekara ta 20, daga kashi 10 cikin ɗari ga masu sauƙin lamari zuwa kashi 41 ga waɗanda ƙarinsu ya yi girma ya kuma kama kaluluwar hammata da yawa. Ƙashin baya kuwa, wanda aka yi wa dariya, yana daga cikin wuraren da sankarar mama ta fi sauka in ta dawo. Ƙara da cewa hukumar nazarin sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum wajen 128,000 suka kamu a Nijeriya, kusan 80,000 suka rasu, sai ka gane abin da idon matar nan ya gani a kan bencin da ta zauna.

Maganar tawakkali ita ta fi yi mini ciwo, domin da ita ake rufe bakin mara lafiya, a masallaci da coci duka, har ya ji kunyar Ubangijinsa a kan abin da ba zunubi ba. Malamai sun rarrabe tsakanin tsoron da ke taɓa aƙida da tsoro na jibilla, wanda aka halicci ɗan Adam da shi. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, cewa da sandarsa ta koma maciji sai ya juya da gudu, kuma ranar karawa da matsafan Fir'auna, da igiyoyinsu da sandunansu suka yi masa kamar suna tafiya, ya ji tsoro a ransa, alhali igiyoyi ne kawai. Ba a tuhume shi da raunin imani ba, kwantar masa da hankali aka yi. In haka aka yi da Kalimullahi, wane ne ƙanin miji da zai auna imanin matar wansa da ciwon baya?

Amma kada in cika baki, domin shi ma yana da hujja, ko da bai san yana da ita ba. Akwai tsoron da shi kansa ciwo ne. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya san hukuncin mustankihi, wato wanda shakka ta aure shi a salla, tana zo masa kullum: ba a ce ya bi ta ba, cewa aka yi ya kau da kai daga gare ta, domin biye mata ƙara mata ƙarfi yake yi. Mai lalube jikinta sau da dama a yini har wurin ya yi tsami, tsamin kuma ya zama sabuwar hujjar lalube, ta shiga wannan babi. A 2022 masana suka tattara bayanan mutum fiye da 9,000 daga ƙasashe 13 waɗanda suka yi fama da sankara, suka samu kashi 59 cikin ɗari suna da tsoron dawowarta gwargwado ko fiye, kashi 19 kuwa tsoronsu ya kai matsayin da ke bukatar gwani ya sa hannu, abin ya fi yawa ga mata da masu ƙarancin shekaru. Ba sabon ilmi ba ne a wurin Musulmi, tun da Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya lissafa firgita da waswasi cikin cututtukan rai da ake yi wa magani kamar na jiki. A Ostireliya an gwada zama biyar kacal da masanin halayyar ɗan Adam, aka buga sakamakon a 2017, tsoron ya ragu ƙwarai. A nan kuwa wa zai yi zama biyar da ita, likita guda ga layi har bakin ƙofa?

Gudun ma iri biyu ne, kuma na biyun ya fi hatsari. Wata takan gudu zuwa asibiti a kan kowane ciwon kai, wata kuwa takan gudu daga asibiti, ta ƙi komawa ranar da aka ba ta, ta ajiye ƙwayar da aka ce ta sha shekara biyar domin ganin kwalin yana tuna mata, ta ɓoye sabon ƙullutu har ya fashe. Gori ba ya warkar da ta farko, mai da ita ta biyu yake yi. Haka ya so ya faru, domin malamar nan ta haɗiye ciwon bayanta makonni, sai da 'yarta ta same ta da dare tana kuka a kan sallaya, ta matsa, suka je aka ɗauki hoto. Babu komai, in ji likita, sai gajiyar ƙashi da yawan tsayuwa gaban allo. Ƙanin miji ya ce, "Ban faɗa muku ba?" Ya faɗa, kuma igiya ce. Sai dai abin da ke kwance a hanya cikin duhu ba a san ko igiya ba ce sai an kawo fitila, shi kuwa ya yanke hukunci tun ba a kunna ba.

Da a nan na tsaya da na tsaya da ƙarfin zuciya, amma akwai mutum guda a tsakar gidan nan da bai yi dariya ba, bai kuma tsawata ba, wato maigidan. Bayan sallar isha'i wata rana muna tafe, na taɓo masa zancen a kaikaice, ya yi shiru har muka kusa ƙofar gidansa, sannan ya ce, "Malam, gonar fadama ta tafi, shanun gado sun tafi, har yanzu akwai masu bi na bashi. In aka ɗauki hoton nan aka ce ya dawo, me zan sayar?" Ashe shi ma sararre ne, igiyarsa kuwa ita ce kalmar asibiti. La'alla ƙanen ma, wanda ya yi ta zirga-zirga a mota yana neman masu ba da jini, dariyarsa gudu ce. Na iya jero wa ƙanen hujjoji daga littafi, amma maigidan ya bar ni babu ta cewa, domin faɗa wa mutum cewa gano ciwo da wuri ya fi alheri abu ne mai sauƙi ga wanda ba shi zai biya kuɗin zagaye na biyu ba. Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza a 2021, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana cikin waɗanda aka fara da su. Ya kamata a tambaya, a nace da tambaya, ko da yake asusu ba ya biyan kuɗin mota, ba ya ciyar da yaran da aka bari a gida.

Duk da haka ina roƙon wanda ke da irin wannan mara lafiya a gidansa, mace ko namiji, ya bar cewa "ai kin warke" da nufin kashe magana. In ta ce wani wuri yana ciwo, ya tambaye ta tun yaushe. In sabon ciwo ne ya wuce mako biyu bai lafa ba, ko yana tashinta daga barci, ko ga ƙullutu, ko tari ya ƙi tsayawa, ko tana ramewa ba dalili, ya tsai da keke Napep ya raka ta, ya zauna da ita a benci har a kira sunanta. In kuwa tsoron ne ya hana ta ci da barci, shi ma a faɗa wa likita da sunansa, kamar yadda ake faɗin zazzaɓi.