Tubali Ba Ciyawa: Alhakin Majiyyaci Yana Wuyan Wa?

Wani dare cikin damina maƙwabcina, wani tela a nan unguwar Briketeri ta Yawunde, ya buga mini ƙofa. Ɗansa ƙarami yana ta amai da gudawa, jikinsa ya saki. Shi Musulmi ne, ni kuwa mai koyar da katikisma ne a ikilisiya, amma ciwo ba ya tambayar addini, maƙwabtaka ma haka. Muka ɗauki yaron muka kai wani asibitin gwamnati. Aka rubuta mana takarda, muka sayo ruwa da allura da safar hannu da kuɗinmu, aka ɗaura masa. Can tsakar dare ruwan ya ƙare, jini ya soma hawa cikin robar. Uban ya bi ɗaki ɗaki yana neman nas, bai same ta ba sai bayan lokaci mai tsawo. Da ta zo ya rufe ta da faɗa. Ta gyara ruwan tukuna, sa'an nan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ni kaɗai ce a ɗakunan nan duka, kuma wata mata ce take zubar da jini a can ƙarshe." Yaron ya rayu, mun gode wa Allah. Amma tun daga ranar nake tambayar kaina: da ya mutu, alhakinsa yana wuyan wa?

Sunan unguwarmu daga Faransanci ne, ma'anarsa wurin yin tubali. Shi ya sa duk lokacin da na karanta sura ta 5 ta Littafin Fitowa sai in ga kamar da mu ake. Fir'auna ya hana a ba Isra'ilawa ciyawar da ake cuɗa ƙasa da ita, amma ya ce kada yawan tubali ya ragu ko da ɗaya. Da aiki ya kasa, ba a taɓa wanda ya hana ciyawa ba. Shugabannin ma'aikata, waɗanda su ma bayi ne, su aka kama aka yi wa dūka. Kowane magini ya san tubalin da ba ciyawa tsagewa yake yi. A asibiti, ciyawar ita ce isassun hannuwa, da albashi kan kari, da magani a kabad, da wutar da ba ta ɗaukewa ana cikin tiyata.

Ya mai karatu, bari mu duba yadda ciyawar ta ɓace a Kamaru. A shekarar 1993 aka rage albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sai farashin maganin da ake shigowa da shi ya tashi. A waɗannan shekaru na tsuke bakin aljihu aka daɗe ba a ɗaukar sababbin ma'aikata yadda ya kamata. Tun kafin nan, shirin Bamako na 1987 ya kawo tsarin da majiyyaci zai riƙa biyan wani abu don asibiti ya riƙe kansa. Nufin mai kyau ne, gama an so kada magani ya yanke a ƙauyuka, amma a hankali taga ta biyan kuɗi ta zama ƙofa ta fari da mara lafiya zai bi. A lissafin shekarun 2015 zuwa 2019, wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun iyalai ya fito. Makarantar likitoci ta Yawunde, wadda aka buɗe a 1969, ta yaye gwanaye, amma da yawa cikinsu suna aiki a Faransa da Beljiyam da Jamus da Amurka. A rahotonta na 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Kamaru cikin ƙasashe 57 masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya.

Shugabanni ba su rasa sanin wannan ba. A watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawari kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta domin lafiya. A shekarun da suka biyo baya, abin da aka ba lafiya a nan bai kai rabin wannan ba. Alkawari kuwa kaya ne.

Ran 12 ga Maris 2016 abin ya fito fili a Duwala. Aka kawo wata mace mai cikin tagwaye asibitin Laquintinie. A bakin ƙofar ɗakin haihuwa, wata 'yar'uwarta ta sa reza ta tsaga cikinta don ta ceci jariran, mutane suna kallo, wasu suna ɗaukar hoto da waya. Ba wanda ya rayu cikinsu. Ministan lafiya na lokacin, André Mama Fouda, ya ce matar ta riga ta cika kafin a iso da ita. Jama'a da yawa ba su gamsu ba, suka yi zanga-zanga a ƙofar asibitin. Waɗanda aka fara tsarewa su ne 'yar'uwar da wasu ƙananan ma'aikata, daga baya aka sake su, bayan 'yan makonni kuma aka sauya shugaban asibitin. Ko da mun karɓi maganar minista yadda take, tambaya tana nan: me ya sa mace ta ga ba ta da wanda za ta dogara gare shi a cikin harabar asibiti sai reza?

Da masu aikin suka buɗe baki, me ya faru? A 2017 ƙungiyar likitoci ta SYMEC ta yi yajin aiki tana neman gyaran yanayin aiki da inshorar lafiya ga jama'a. Sai aka tura shugabanninta aiki a ƙauyuka masu nisa. A watan Mayu 2023 ma'aikatan jinya suka yi nasu yajin, ƙungiyoyinsu suka ce akwai wajen mutum 27,000 da suke aiki a asibitocin gwamnati ba tare da takardar ɗaukar aiki ba, wasu shekara da shekaru. Wanda ake biyansa abin da ya samu, ba fansho, ba tabbas, shi ne muke danƙa wa ran 'ya'yanmu da tsakar dare.

Wani zai ce, "Malam, kana wanke ma'aikata ke nan? Ba ka taɓa ganin nas tana latsa waya mara lafiya yana nishi ba? Ba ka ga wanda yake sayar da maganin asibiti daga aljihun rigarsa ba?" Na gani, ba kuwa zan ɓoye ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙarancin albashi ba ya halatta wulakanci. A misalin Basamariye da Yesu ya bayar a Luka sura 10, firist da Balawe suna da uzurin da za su iya kawowa, duk da haka ba su kuɓuta ba, domin sun ga mutum kwance suka ratse. Nas ɗin da ta ga mai naƙuda ta juya baya don ba a nuna rasit ba, ita ma za ta amsa a gaban Mai Shari'a.

Amma a lura da bambanci guda. Akwai laifin wanda ya ƙi, akwai kuma kasawar wanda ba ya iyawa. Nas ɗin da na ba da labarinta ba ta ƙi yaron tela ba. An sa ta zaɓi tsakanin yaro da mace mai zubar da jini, zaɓin da bai kamata a ɗora wa ɗan Adam ba. Wanda ya tsara aikin dare da mutum ɗaya, da wanda ya ƙi sa hannu a ɗauki ma'aikata, da wanda ya karkatar da kuɗin magani, su ne suka yi zaɓin tun da rana, a ofis mai sanyi, ba su ga fuskar kowa ba. Nisa ba ya rage alhaki. Wanda aka ba iko mai yawa, a wurinsa za a nemi lissafi mai yawa, haka Ubangiji ya koya mana. Maƙwabtana Musulmi suna kiran wannan amana, mu ma haka muke kiransa. Idan duk lokacin da aka yi rashi sai a kama na bakin ƙofa, an bar jaki ana dukan taiki, gobe kuma wani zai mutu a wannan gado ta wannan hanya.

Gaskiya ta sa in faɗi abin da aka gyara. An buɗe cibiyar gaggawa ta Yawunde a 2015 da taimakon Koriya ta Kudu, kusa da Babban Asibiti, ba nisa da unguwarmu. A 2019 minista Manaouda Malachie ya ba da umarni a daina tsare majiyyata a asibiti saboda bashi. A watan Afrilu 2023 aka ƙaddamar da kashi na fari na shirin kula da lafiyar kowa. A jihohin arewa, takardar sefa 6,000 ta taimaki mata masu ciki su yi awo su haihu a asibiti. Waɗannan abin godiya ne. Sai dai gini da takarda ba sa canza ruwa da ƙarfe biyu na dare. Hannu ne yake yi, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Surukin Musa ya gane wannan a Fitowa sura 18, sa'ad da ya ga Musa yana fama shi kaɗai tun safe har yamma, ya shawarce shi ya zaɓi amintattun mataimaka don kada shi da jama'a su gaji tare.

Mu fa, talakawa? Muna da namu rabo. Mukan ajiye mara lafiya a gida muna jiƙe-jiƙe, sai rai ya kai ga maƙogwaro mu ruga asibiti. Mukan ba da na goro don a tsallake da mu layi, ba mu tuna wanda aka tsallake ba. Masu neman ƙuri'a sukan zo Briketeri da shinkafa da atamfa, ba mai tambayarsu nas nawa ne suke kwana a ɗakin yara. Dokar lafiya ta tanadi kwamitocin unguwa da za su zauna da ma'aikatan asibiti. Limamai da fastoci da masu unguwa su tura mutane masu gaskiya cikinsu, su riƙa tambaya, su rubuta abin da suka gani.

Kwana uku bayan wancan dare, aka sallami yaron. Tela ya tsaya a bakin ƙofa har nas ɗin ta fito daga aiki, idanunta sun yi ja don rashin barci. Ya ce mata, "'Yata, ki yafe mini maganar da na faɗa." Ta ce, "Ba kome, Baba. Ku dai yi mana addu'a a ƙaro mana mutane." Addu'ar muna yi, a coci da masallaci. Saura mu kai roƙon nata gaban waɗanda ciyawar take hannunsu.