Ruwan Wikki da Mai Warkarwa na Gaskiya

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-15, Yahaya 5:1-9

Wanda ya zauna a rumfunan Kasuwar Gombe ba zai rasa jin hirar magani ba. A cikin irin wannan hira ne sunan Wikki yakan fito, wato maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi. Wasu kan ce ruwan yana wanke ciwo da rashin sa'a, har a roƙi mai zuwa can ya cika jarka ya kawo tsaraba. To, mene ne matsayin iyalin Kirista?

Da farko, Wikki aikin hannun Allah ne. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau kamar hawaye, kimanin lita miliyan 21 kowace rana, ɗuminsa kuwa digiri 31 ne, rani da damina. Dalilinsa a fili yake: ruwan sama ne ya nutse can cikin ƙasa, zafin ƙasa ya ɗumama shi, sa'an nan ya ɓullo. Ɗumi yakan sassauta ciwon gaɓoɓi da gajiya. Wannan alheri ne, a karɓe shi da godiya.

Haɗarin yana wurin da aka ɗora wa halitta begen da ya cancanci Mahalicci. Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ya nutsa sau bakwai a Kogin Urdun, kuturtarsa ta rabu da shi. Amma bai durƙusa wa kogin ba. Ya komo wurin Elisha yana shaida Allah na Isra'ila, domin ya gane cewa ikon ba na ruwa ba ne. Haka kuma mutumin nan da ya yi shekara 38 yana fama, idonsa na kan tafkin Baitasda. Yesu bai kai shi cikin ruwan ba. Da magana kaɗai ya tashe shi.

Batun nan ya shafi rai. Mai hawan jini ko ciwon sukari da ya ajiye maganin likita saboda jarkar ruwa yana wasa da ransa ne, gwada Allah kuwa ba bangaskiya ba ce. Matar da ke neman haihuwa tana bukatar mijinta ya raka ta asibiti, a duba su duka biyu, ikkilisiya kuma ta riƙe su da addu'a, kamar yadda Yakubu 5 ya koyar.

Saboda haka, iyalin da Allah ya hore wa hali su kai yara Yankari lokacin hutu, su ga namun daji, su yi wanka a Wikki, su yabi wanda ya yi su. Amma idan ciwo ya shigo gida, a durƙusa gaban Almasihu, a kuma tashi a nemi likita.

Ubangiji ya ba jama'arsa hikima. Amin.