Warware Yarjejeniyar Waya Kafin Cikar Wa'adi

 

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, har ta kai Jabo ta ƙasar Tambuwal da ƙauyukan da ke wajen Kebbe, ta zo da irin cinikin da iyaye ba su saba da shi ba. Wanda ya fi ɗaure wa jama'a kai shi ne wayar bashi, watau mutum ya ba da kafin alƙalami, ya sa hannu a kan zai biya saura wata-wata, in ya yi jinkiri a kulle wayar daga nesa. Saurayi zai ɗauka yana dogara ga albasar da ke fadama, kasuwa ta faɗi, sa'an nan ya shiga neman yadda zai zare jikinsa ba tare da an ci shi tara ba.

To, asali dai alkawari abin cikawa ne, kuma da wannan umurni ne Suratul Ma'ida ta fara. A mazhabar Imamu Malik ma ciniki yana ƙulluwa da zarar an yi sallama, ko da ba a tashi daga wurin ba, sai fa idan an yi sharaɗin zaɓi na wasu kwanaki. Saboda haka nadama ita kaɗai ba ta warware ciniki.

Amma ba kowace yarjejeniya ce take ɗaure mutum ba. Malaman Malikiyya sun raba haya gida biyu. Akwai wadda suka kira mushahara, kamar a ce mutum ya kama shago a kan kaza kowane wata, ba a ambaci ƙarshe ba. Wannan kowanne daga cikinsu yana da ikon janyewa duk sa'ad da ya so, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya, shi kam ya lizimta. Akwai kuma wajiba, wadda aka yanke mata wa'adi, kamar wanda ya karɓi hayar injin ban ruwa na rani guda. Wannan babu mai fita daga cikinta shi kaɗai. Mai sa kati ko sayen data wata-wata, kamar yadda galibin mutanen ƙasar nan suke yi, hukuncinsa na farkon ne: in watansa ya ƙare ya daina, babu alhakin kowa a kansa. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ma tun watan Afrilu na 2013 ta buɗe hanyar da mutum zai koma wani kamfani da lambarsa. Wanda kuwa ya sa hannu a kan shekara guda ko biyu, ya shiga wajiba, sai ya yi haƙuri da abin da hannunsa ya rubuta.

Ita tarar fa, halal ce ko haram? A nan ne ake yawan kuskure, domin wasu suna ɗauka duk tara zalunci ce. Imamul Buhari ya kawo labari daga Ibnu Sirina cewa wani mutum ya ce wa mai raƙuman haya ya shirya raƙumansa, in bai yi tafiyar ba ran kaza zai ba shi dirhami 100. Ranar ta zo bai fita ba. Da aka je gaban Alƙali Shuraihu sai ya hukunta masa biya, gama shi ya ɗora wa kansa sharaɗin ba tare da an tilasta shi ba. Mai raƙuma ya ƙi wasu matafiya, ya ciyar da dabbobi, ya ɓata kwanaki. Wa zai ɗauke masa wannan hasara?

Sai dai majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta gindaya wa wannan iyaka. Ta ce sharaɗin tara ya halatta a kan cutar da ta auku da gaske, ba a zartar da shi a kan wanda abin da ya fi ƙarfinsa ya hana shi cikawa, kuma alƙali yana iya rage shi in an wuce gona da iri. Babbar iyakar kuwa ita ce bashi. Idan abin da ke wuyan mutum bashi ne, kamar ragowar kuɗin waya, to duk ƙarin da aka ɗora masa saboda jinkiri riba ce tsantsa, ko da wane suna aka kira ta. Lalle ne mai shago da dillalin da ke kai wayoyi ƙauye su san wannan, shi ma mai saye ya nemi wanda zai karanta masa takardar kafin ya dangwala, domin sa hannu a kan sharaɗin riba ba ƙaramin abu ba ne.

Idan waya ta zo da aibin da aka ɓoye, mai saye yana da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa, muddin bai ci gaba da amfani da ita ba bayan ya gani. Haka nan in amfanin da aka yi hayar dominsa ya yanke ɗungum, haya ta warware.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, saura ƙofa guda, ita ce iƙala: mai saye ya je da kansa, ya faɗi halin da yake ciki, ya roƙi a karɓi kaya a mayar masa da kuɗinsa. Ba dole ba ne mai sayarwa ya yarda. Amma Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa wanda ya karɓi iƙalar Musulmi albishir da cewa Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Mafi tsira su koma kan farashin farko. In za a rage ko a ƙara alhali cinikin na bashi ne, akwai surorin da Malikiyya suka hana don gudun riba, sai su tafi tare wurin malami kafin su yi sallama.

Abin da babu malamin da ya halatta shi ne dabarar da ta yaɗu tsakanin samari: a kai waya wurin mai gyara ya karya kullen, a jefar da layi, a sauya lamba, a ce ai kamfani ne, ba mutum ba. Kamfani dukiyar mutane ce, kuma sau da yawa wanda ake fara riƙewa shi ne ɗan'uwa ko maƙwabcin da ya tsaya wa mai sayen. Bashin yana nan a wuyan wanda ya gudu, mai gyaran da ya karya kullen yana sane kuwa ya yi tarayya da shi cikin alhakin, ladan aikin da ya karɓa ma bai halatta gare shi ba.