Zafin da sulhu yake fitarwa

A zuba mililita 50 na asid ɗin haidirokulorik a kofin roba, a ƙara mililita 50 na ruwan soda irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, kowanne mai ƙarfin mol 1 a lita. Waɗannan biyun in sun yi kauri kowannensu yana cin fata. Da sun gauraya, abin da zai saura ruwa ne da gishirin miya. Sai dai ma'aunin zafi zai hau kusan digiri 7, har tafin hannu ya ji ɗumin kofin.

Wannan darasi nake koyarwa a wata sakandare a Badawa, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne adadin zafin ba ya sauyawa. Ko asid ɗin naitirik aka kawo, ko aka musanya sodar da fotash mai ƙarfi, zafin yana nan wajen kilojul 57 a kan kowane mol na ruwan da ya samu. Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, ya bayyana dalili a shekarun 1880: asid ko soda mai ƙarfi yana warwatsewa gaba ɗaya a cikin ruwa, don haka abin da ke haɗuwa a kullum ƙwayar haidirojin ce da ta haidiroksaid, sauran 'yan kallo ne. Zafin daga haɗuwar kanta yake fitowa.

Mu kan ce kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta, kamar da an shirya shi ke nan sai sanyi. Ni ban yarda haka sulhu yake ba. Na sha zama a zaure ana sasanta 'yan'uwa kan gadon gida, ko miji da mata. Daidai lokacin da aka kusa daidaitawa murya ke tashi, hawaye ya zubo, a tono maganar da ta shekara goma a ciki. Nan ne dattawa da yawa ke naɗe tabarma su ce abin ya ƙi, alhali yanzu ne ya fara yi.

Ba na mai da kimiyya hujjar addini, ba kuma na daidaita gaskiya da ƙarya. Amma a duba Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira. An rubuta yarjejeniyar ajiye makamai ta shekara 10 da Suhailu bn Amr, aka mayar da ɗansa Abu Jandal ga Ƙuraishawa sahabbai suna kallo. Sayyidina Umar ya kasa daurewa, ya je ya yi wa Annabi (SAW) tambayoyi. Aka umarci jama'a su yanka hadaya su yi aski, baƙin ciki ya hana su motsi, sai da Ummu Salama ta ba Annabi (SAW) shawarar ya fara da kansa. Mutum wajen 1,400 ne a ranar. Bayan shekara 2 aka shiga Makka da 10,000. Ba a fasa sulhun don zukata sun yi zafi ba, ba a kuma kori Umar don ya faɗi abin da ke ransa ba.

Abin da ke hana kofin gwaji fantsama yawan ruwan da ke ciki ne, domin ruwa na shanye zafi sosai. A haɗa asid da soda da kaurinsu, tafasa za su yi su watsu a fuska. Shi ya sa wanda ruwan batir ya zubo wa ba a sa masa soda, ruwa ake ta kwarara masa.

Haka zaman sulhu ma yake buƙatar abin da zai shanye zafi. Ina roƙon limamai da masu unguwanni da jami'an Hisba da ke zaman sasanci: ku raba maganar zama biyu ko uku, ku zo da mutanen da za su iya jin ɗaci su yi shiru, kuma in murya ta tashi kada ku sallami kowa sai ya gama faɗin ta bakinsa.