Darasi: Macijin Jan Ƙarfe

Karatu: Littafin Lissafi 21:4-9

Sa'ad da Isra'ilawa suka yi gunaguni cikin jeji, macizai suka sassare su, mutane da yawa kuwa suka mutu. Jama'a suka roƙa a kawar da macizan, amma Ubangiji magani ya ba su. Musa ya ƙera maciji na jan ƙarfe, ya ɗora shi bisa sanda, domin wanda aka sara ya duba, ya rayu.

'Yan'uwa, mu ma mun san wannan masifa. A ƙasar Tangale kububuwa takan sari manoma lokacin shuka da girbi. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum yakan ga kamar da sauƙi, alhali jini yana tsiyaya a cikinsa. Amma akwai allurar da ke kashe dafin, ana yinta a asibitin Kaltungo. Kada mu tsaga wurin saran, kada mu tsotse, kada mu ɗaure tamau. Mu ɗauki ɗan'uwanmu, mu hanzarta, muna addu'a a hanya. Gama ƙin maganin da Allah ya tanada ba bangaskiya ba ne.

Kada kuma mu dogara ga laya. Ko macijin Musa, da mutane suka soma ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi. Mai ceto ɗaya ne, shi wanda aka ɗaga bisa gicciye (Yohanna 3:14).

Tambaya: Me ke sa mu jinkirin neman magani, ko na jiki ko na zunubi?