Jinyar wanda aka sallamo da roba a jiki bayan aikin ciwon daji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai saukar da cuta da magani. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Mu da muke zaune a Idi-Araba maƙwabtan asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ne, don haka ba a rasa baƙon jinya a gidajenmu. Daga cikinsu akwai waɗanda aka yi wa aikin ciwon daji, musamman iyayenmu mata masu sankarar mama, sai a sallamo su da siririyar roba ta fito daga gefen hammata, a ƙarshenta da wata 'yar ƙwallo ko kwalba da ruwa ke taruwa a ciki. Mutanen gida su tsorata, wasu su ce ai ba a gama aikin ba, majinyaciya kuma ta daina sallah saboda tana ganin jikinta da najasa. A kan wannan za mu yi tunatarwar wannan Juma'a, bayan mun zauna da Malam Liman da kuma wasu malaman jinya daga cikin jama'armu.

Da farko mu san mece ce robar. Duk mun san kaluluwa, wadda take kumbura a hammata ko matsematsi idan mutum ya ji ciwo. Aikinta tace wani ruwa ne da yake zagayawa a jiki, kuma ta wannan hanya ciwon daji yakan bi ya yaɗu. Shi ya sa likita kan cire kaluluwar da ke kusa da inda ciwon yake. To bayan an cire, ruwan nan ba ya daina zuwa nan take. Idan ya rasa mafita sai ya taru a ƙarƙashin fata, wurin ya kumbura, ɗinki ya ƙi kamewa. Robar ita ke tsotse shi waje. Yawanci tana yin mako ɗaya zuwa uku, sannan a cire ta a asibiti cikin 'yan mintuna.

Iri biyu muka fi gani. Akwai mai ƙwallon roba mai laushi, wadda ake kira Jackson-Pratt, ita a gida ake juye ta. Akwai mai kwalba mai tauri, ita kuwa ba a buɗe ta a gida, sai dai a ja layi da biro a inda ruwan ya tsaya kullum, malaman asibiti ne ke canza ta. Kafin ku baro asibiti ku tambaya wace iri ce aka sa. Wanda Turanci ko Yarbanci ke ba shi wahala ya zo ofishin masallaci mu haɗa shi da wanda zai raka shi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Mai ƙwallo ga yadda ake yi mata. A wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta. A buɗe murfin ba tare da an taɓa bakinsa ba, a juye ruwan a kofin awo da aka ba ku. Sai a matse ƙwallon har ta lotse, a rufe murfin tana lotse. Wannan matsewar ita ce take jawo ruwan. Ƙwallon da ta cika da iska ba ta tsotsar komai. A duba mililita nawa ne, a rubuta a littafi tare da kwanan wata da lokaci da launin ruwan. A zubar a masai, a wanke kofin, a sake wanke hannu. Ana yin haka sau biyu ko uku a rana, ko duk lokacin da ƙwallon ta kai rabi. Mai mantuwa ya ɗaure abin da sallah: bayan Asuba, bayan La'asar, bayan Isha'i.

Littafin nan kada a raina shi, domin da shi likita zai yanke hukunci. Da yawa daga cikin likitoci suna cire robar ne idan ruwan ya koma ƙasa da mililita 30 a awa 24, kwana biyu a jere, wasu kuma suna da nasu ma'aunin. Launin ruwan yakan fara da ja, ya koma ja mai haske, a ƙarshe ya zama ruwan ɗorawa mai haske. Wannan alamar sauƙi ce. Idan ɗan gudan jini ya toshe tiyon, ana riƙe shi kusa da fata da hannu ɗaya don kada ya fizgu, a sa yatsun ɗaya hannun a tatso shi zuwa ƙasa. Amma sai nas ta nuna muku da hannunta kafin ku gwada.

Kada a bar ƙwallon tana reto. A maƙale ta da fil a jikin riga ta ciki, ko a ɗinka mata ƙaramin aljihu, ta zauna ƙasa da inda aka yi aikin. Yawancinmu ɗaki ɗaya muke da yara, to a kula da mai rarrafe da wanda ake goyo, kada ya ja. Wurin da robar ta fito a bar shi a bushe, ga zafin Legas da gumi, bandeji idan ya jiƙe a canza. Kada a shafa man kaɗanya ko toka ko garin magani a bakin ciwon. Tofi da addu'a a yi su, amma ruwan rubutu kada ya taɓa wurin.

A koma asibiti ba tare da jiran ranar ganin likita ba idan zazzaɓi ya kai digiri 38, ko wurin ya yi ja da zafi da kumburi, ko ruwan ya yi kauri kamar mugunya yana wari, ko jini ja wur ya cika ƙwallon cikin ɗan lokaci, ko ruwan ya tsaya cak alhali hammata tana kumbura, ko ƙwallon ta ƙi zama a lotse. Idan robar ta zame ta fito, kada wanda ya mayar da ita ciki. A rufe wurin da bandeji mai tsabta a tafi asibiti. Mai kemis da ke bakin layi ba aikinsa ba ne.

Sai maganar ibada, wadda ita ta fi damun majinyata. Malam ya ce a faɗa muku da babbar murya: sallah ba ta faɗuwa a kan mai hankali saboda roba. A mazhabar Imamu Malik da muke bi, jini ko ruwan da ya fito daga ciwo ba ya warware alwala. Gusar da najasa kuwa wajibi ne ga wanda ya tuna kuma yake da iko, wanda robar ke jikinsa ba shi da ikon cire ta, don haka zai yi sallarsa da ita kuma ta inganta. Abin da zai iya shi ne ya juye ƙwallon, ya canza rigar da ta ɓaci idan da hali. A wankan wajibi a wanke inda ruwa ba zai cutar ba, a shafi bandejin da danshin hannu. Idan likita ya hana wanka gaba ɗaya, ko ruwan zai ƙara ciwo, ga taimama, wadda Allah ya ambata a aya ta 6 cikin Suratul Ma'ida. A hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ba mara lafiya damar yin sallah a zaune idan tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe idan zaman ma ya gagara. Idan sujada tana jan ɗinki, a yi nuni da kai. Juma'a da jam'i an ɗauke wa mara lafiya, azumi ma sai ya rama bayan ya warke.

Muna kira ga mazaje musamman. Tsakanin miji da mata babu al'aura, don haka babu hujjar cewa ba ka iya kallo. Matar da aka cire wa mama tana fama da ciwo biyu, na jiki da na zuciya, kuma fuskarka take dubawa. Ka koyi juye robar, ka riƙe littafin, ka ɗauke mata ɗibar ruwa da wanki. Idan kana fita kasuwa tun duku-duku, a samu 'yar'uwa ko maƙwabciya a koya mata. Masu zuwa dubiya kuma ladanku na nan, amma a taƙaita zama, mai mura ya aiko da gaisuwa, a daina labarin wance da ta rasu da irin ciwon. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko taɓa majinyaci, kada a ware masa kwano.

Akwai kuma gaggawar komawa gida. Mun sani zaman Legas tsada ne, kuma hankalin kowa yana wurin danginsa. Amma a ɗora mutum da roba a jiki a motar dare, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 zuwa Kano ko Sakkwato, ga gargada ga matsi, ganganci ne. A jira a cire robar, a karɓi sakamakon gwajin kaluluwar da aka cire, a ji ko akwai sauran magani, kamar ƙarin ruwan kashe ƙwayoyin daji ko gashi. Idan tafiyar ta zama dole, a nemi likita ya rubuta takardar da za a kai asibitin can. Wanda kuɗin masauki ko na mota ya gagare shi ya sanar da kwamiti a asirce. Wannan na cikin abin da sadakarmu ta Juma'a ya kamata ta yi.

Bayan cire robar ma da sauran kula. Hannun da aka cire kaluluwarsa yana iya kumbura ko bayan watanni ko shekaru, domin hanyar ruwan ta ragu. A kiyaye shi daga yanka da ƙuna, kada wanzami ya yi ƙaho ko tsaga ko sakiya a wannan ɓangaren, a riƙa motsa shi yadda aka koyar a asibiti, kaya mai nauyi kuma sai likita ya ba da izini. Da an ga zobe ko hannun riga ya fara matsewa, a je a nuna.

'Yan'uwa, Annabi (SAW) ya umarci balaraben ƙauye ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Wanke hannu da rubuta awo da komawa asibiti a kan lokaci duk ɗaure raƙumi ne, waraka kuwa ta Allah ce. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wanda ya karanta ya karanta wa na gida da ba su samu zuwa ba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti