Kankana Da Tambayar Haƙƙi

'Yan'uwa ɗalibai, duk lokacin da aka tayar da zancen masana masu taɓa ƙwayoyin gadon tsirrai, gardamarmu ba ta wuce wuri ɗaya, watau ko ya halatta ɗan Adam ya sāke halitta. A ganina wannan tambaya ta makara. Kankanar daji fara ce a ciki, galibinta kuwa ɗaci gare ta. Jan nan da zaƙin nan da muke sha, manoma ne suka fito da su, suna zaɓen iri shekara bayan shekara. Akwai zanen kankana a kaburburan Masar wanda ya haura shekara 4,000. Ashe tun kakannin kakanni hannun mutum yana cikin halittar wannan tsiro.

Abin da ya dame ni shi ne, don amfanin wa ake sākewar? A 1996 masana a birnin Tulus na Faransa suka toshe ƙwayar gadon da ke sa wani malo nasu mai zaƙi, ɗan'uwan gurjinmu, ya fitar da iskar etilin, wadda ita ke nunar da 'ya'yan itace. Malon ya daɗe bai ruɓe ba, amma ƙamshinsa ya ragu ƙwarai. Lalle wanda ya taɓa ganin kayan gwari sun lalace a bayan mota ba zai raina wannan aiki ba. Duk da haka a lura: an saya wa ɗan kasuwa kwanaki, mai sha ya biya da ƙamshi, kuma ba a shawarce shi ba.

Kankana marar 'ya'ya ta fi wannan tsufa. Hitoshi Kihara na Japan ya bayyana dabararta a 1951. Kankana tana da ƙunshin gado 22, waɗanda masana ke kira kuromosom. Sai a ninka su da magani su zama 44, a barbara da ta asali, a sami mai 33, wadda ba ta haihuwa. Mai sha ya huta da tofar da 'ya'ya. Manomi fa? Shi da ya saba ɗebe iri daga gonarsa ya adana, tilas kowace shekara ya koma wurin mai sayarwa da kuɗi a hannu. Ban ce haramun ba ne, gama ba wanda aka tilasta wa shukawa. Amma zaɓin talaka yakan ƙuntata in kasuwa ta juya wa tsohon iri baya.

Ga wadda ta fi tsaya mini a rai. A 2021 binciken da Susanne Renner ta jagoranta ya nuna cewa wata farar kankana marar ɗaci ta Kordofan, a Sudan, ita ce 'yar'uwa mafi kusa ga kankanar da duniya ke sha, kana tana riƙe da ƙwayoyin jure cuta da tamu ta rasa. Su wa suka raya ta duk tsawon zamanin nan? Manoman da ba wanda ya rubuta sunayensu. Idan gobe wani kamfani ya ɗebi waɗannan ƙwayoyi ya sa a irinsa, ya yi masa rajista, ni dai ina ganin bashi ya hau kansa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce a raba amfani da ƙasar da aka samo irin. To, amma ƙasa daban, manomi daban, kuma tun Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan, manoman Kordofan da yawa ko gonakinsu ba su iya zuwa.